Asalin Rashin Jituwa Tsakanin Masu Gyaran Kwamfuta da Manhajojin Riga-kafi, 1986 zuwa 2024

Gabatarwa

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu wani abu ne da na daɗe ina gani a ɗakin kwamfutoci na kwalejin da nake koyarwa. Duk sa'ad da aka kawo sababbin injuna, aikin farko da ma'aikacin da ke kula da ɗakin yake yi, tun kafin ya sa komai a cikinsu, shi ne cire manhajar riga-kafin da suka zo da ita daga kamfani. Da na tambaye shi dalili sai ya ce da ni, "Malam, ai wannan ita ce cutar farko." Na ɗauka raha ce. Daga baya na ji irin wannan magana a bakin masu gyara na kasuwa, na kuma tarar manyan injiniyoyin Turai da Amurka sun faɗe ta a rubuce.

Kafin a yi nisa ya kamata a share fage. Abin da nake nufi da ƙwayar cuta, ko bairus, shi ne manhajar da aka rubuta don ta shiga kwamfuta ba da izinin mai ita ba, ta yi ɓarna ko sata, wani lokaci kuma ta hayayyafa. Riga-kafi kuwa ita ce manhajar da ake sayarwa, ko ake bayarwa kyauta, don ta tsare injin daga wannan. Ra'ayin da zan kare a wannan takarda shi ne, baƙin jinin da wasu daga cikin manhajojin riga-kafi suka yi a wurin masu gyara ya samo asali ne daga abubuwa biyu da aka haifi sana'ar da su, watau hanyar da take neman kuɗi, da kuma matsayin da aka ba ta a cikin injin. Batun kama cuta ko rashin kama ta yana baya, domin da yawa daga cikin waɗanda ake kuka da su suna cin jarrabawar cibiyoyin gwaji da maki mai kyau.

Daga Lahore zuwa ranar 6 ga Maris

A shekarar 1986 wasu 'yan'uwa biyu masu kantin kwamfuta a birnin Lahore na ƙasar Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta ƙwayar cutar da aka sa wa suna Brain, wadda masana suka ɗauka ita ce ta farko da ta yaɗu a kwamfutoci samfurin IBM. Ta faifan filofi take tafiya, daga hannu zuwa hannu, kuma marubutanta har sun sa adireshinsu da lambar wayarsu a cikinta. Ba ta da wata muguwar ɓarna, amma ta nuna abin da zai yiwu. A 1987 John McAfee ya kafa kamfaninsa a jihar Kalifoniya. A 1988 Alan Solomon ya fito da tasa manhajar a Ingila, kuma a wannan shekara Pavel Baudiš ya rubuta a birnin Prague abin da daga baya ya zama Avast. Kamfanin Symantec ya sayi na Peter Norton a 1990, ba da jimawa ba Norton AntiVirus ta shiga kasuwa.

Waɗannan mutane na farko, in za a yi adalci, masu gyara ne su kansu, kuma abin da suka ƙera ƙaramin makami ne da ake ɗauka a bincika faifai da shi, a mayar a ajiye. To, amma mai sayar da riga-kafi yana da wata matsala wadda mai sayar da sauran kaya ba shi da ita. Idan hajarsa ta yi aiki sosai, mai saye ba zai ga komai ba, kuma wanda bai ga komai ba bai cika sake biya ba. Dole ke nan a riƙa tuna masa cewa akwai abin tsoro.

An fara ganin wannan ƙarara a 1992. An gano wata ƙwayar cuta a Ostireliya a 1991 wadda take kwanciya shiru sai ranar 6 ga Maris ta tashi ta goge sashen farko na babban faifan injin. Da yake ranar ta dace da ranar haihuwar mai zanen nan na Italiya, sai aka kira ta Michelangelo. A farkon 1992 jaridu da gidajen talabijin na Amurka suka yi ta yayata cewa kwamfutoci har miliyan 5 na iya lalacewa, kuma daga bakin John McAfee aka ɗauko adadin. Mutane suka yi tururuwa zuwa kantuna. Da ranar ta zo, rahotannin ɓarnar da aka samu ba su wuce tsakanin 10,000 da 20,000 ba a duniya duka. McAfee ya ce shi ƙiyasi ya bayar daga dubbai zuwa miliyoyi, 'yan jarida ne suka zaɓi na sama. Wataƙila haka ne, kuma ana iya cewa gangamin ne ya sa mutane suka tsabtace injunansu kafin ranar. Abin da babu gardama a kansa shi ne, a watan Oktoba na wannan shekara kamfaninsa ya shiga kasuwar hannun jari ya tara dala miliyan 42. Tun daga nan masu gyara suka soma sauraron gargaɗin kamfanonin riga-kafi da kunne ɗaya.

Nauyi, naci da kuɗin shekara

Hanyar aikin riga-kafi ta asali mai sauƙi ce. Kowace ƙwayar cuta tana da wata shaida a jikinta, kamar yadda makiyayi yake gane saniyarsa, sai kamfani ya tattara waɗannan shaidu a kundi, manhajar kuma ta riƙa gwada kowane fayil da kundin. Sa'ad da cututtukan suke ɗaruruwa wannan ya wadatar. Da intanet ta yaɗu, aka kuma sami masu rubuta cutar da ke sauya kamanninta a kowace haihuwa, sai kundin ya yi ta kumbura. A 'yan shekarun nan cibiyar gwaji ta AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus ta ce tana rajistar sababbin miyagun manhajoji fiye da 450,000 a kowace rana. Don haka riga-kafi ta daina zama makamin da ake ɗauka a ajiye, ta koma mai gadin da ke tsaye dare da rana, yana tare kowane fayil a ƙofa yana caje shi kafin ya wuce.

Kowane caje yana cin lokaci da ƙwaƙwalwar injin. A tsakiyar shekarun 2000 kamfanonin suka ƙara wa abin kaya, suka haɗa shi da katangar tsaro, da matatar wasiƙu, da mai kula da yara, da mai share shara, don a sami hujjar ƙara farashi kowace shekara. Norton ta wancan zamani ita ta fi yin suna wajen nauyi, har ya zama mai gyara da aka kawo wa injin da ke jan ƙafa ya san inda zai fara dubawa. Cire ta kuma wani aiki ne. Sau da yawa takan bar saiwoyi a cikin injin waɗanda ke hana intanet aiki ko hana wata riga-kafin zama, har Symantec da McAfee kowannensu ya fito da wata manhaja ta dabam wadda ba ta da aiki sai tumɓuke hajarsa. Symantec ta sake gina Norton a fitowar 2009, ta yi sauƙi ƙwarai, amma sunan da aka riga aka yi bai goge ba.

Daɗin daɗawa, yawancin masu waɗannan manhajoji ba su suka zaɓe su ba. Kamfanonin riga-kafi suna biyan masu ƙera kwamfuta don a sa hajarsu a cikin sabon inji a matsayin ɗanɗano na wata ɗaya ko uku. Wa'adi na cika sai jajayen sanarwa su fara fitowa, ana ce wa mutum yana cikin haɗari. Wanda ya tsorata ya ba da lambar katinsa na banki kuwa, sai a riƙa cire masa kuɗi kowace shekara ba tare da ya sake nema ba. A watan Yuni na 2009 babban lauyan jihar New York, Andrew Cuomo, ya sa Symantec da McAfee kowannensu ya biya dala 375,000 a kan wannan ɗabi'a, kuma a 2021 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta sa su suka amince da mayar wa masu saye kuɗinsu a kan batun. Shekara 12 ke nan tsakani, ƙorafin bai sauya ba.

Wannan salon tsoratarwa ya buɗe wa 'yan damfara ƙofa. Wani kamfani mai suna Innovative Marketing, wanda ke da ofis a birnin Kiev, ya yi shekaru yana sayar da riga-kafin ƙarya da sunaye irin su WinFixer da XP Antivirus. Sanarwa ce za ta fito ta ce an ga cututtuka a injinka, alhali ba ta bincika komai ba. Hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta kai su kotu a 2008, ta ce sun yaudari mutane fiye da miliyan 1, kuma a 2012 aka yanke hukuncin biyan dala miliyan 163. Abin lura a nan shi ne, damfarar ta ci ne domin jabun bai bambanta da na gaske ba a idon mai saye. Launi ɗaya ne, murya ɗaya ce.

A nan ne tarihin ya taɓo mu. Kwamfutar hannu da aka sayo ta gwanjo takan zo da riga-kafin da wa'adinta ya ƙare tun a ƙasar da ta fito, tana cin ƙwaƙwalwa ba ta tsare komai, sabunta ta kuma sai da kuɗin data. Cutar da ta fi damun ɗalibanmu, wadda ke bin filashi daga shagon buga takardu ta ɓoye musu fayilolin aikin bincike, sai ta wuce ta gabanta salin alin. Na taɓa samun injin wani abokin aiki da riga-kafi uku a ciki, kowace tana ɗaukar 'yar'uwarta a matsayin cuta, injin kuwa yana shafe kusan kwata na awa kafin ya farka.

Ranar da mai gadi ya rushe gida

Yanzu sai mu koma ga abu na biyu, wanda a ganina ya fi na farko nauyi. Domin riga-kafi ta iya tare cuta, dole a ba ta iko fiye da na kowace manhaja. A cikin Windows tana zaune ne a can ƙuryar babbar manhajar, wurin da ake sarrafa ƙwaƙwalwa da faifai, tana da izinin buɗe kowane fayil, ta tsare shi ko ta goge shi. Kuma tana karɓar sabon umarni daga kamfaninta kullum, wani lokaci sau da yawa a yini, ba tare da an tambayi kowa ba. Manhajar rubutu in ta yi kuskure ita kaɗai za ta faɗi. Wadda ke ƙurya in ta yi kuskure da injin duka take faɗuwa.

Ranar 21 ga Afrilu 2010 McAfee ta aika da kundin shaidu mai lamba 5958. A cikinsa akwai kuskuren da ya sa manhajar ta ɗauki svchost.exe, wani fayil da Windows XP ba ta iya aiki sai da shi, a matsayin ƙwayar cuta, ta kama shi ta tsare. Injuna suka shiga mutuwa da farkawa ba ƙaƙƙautawa, hanyar sadarwarsu kuma ta yanke. Asibitoci a jihar Rhode Island suka ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba, 'yan sandan jihar Kentucky suka kashe kwamfutocin motocinsu, kantunan Coles a Ostireliya suka rufe wasu rassa domin injunan karɓar kuɗi sun tsaya. Kamfanin ya janye kundin ya nemi gafara. To, amma injin da ya rasa hanyar sadarwa ba a iya aika masa gyara daga nesa. Sai da masu gyara suka bi su ɗaya bayan ɗaya da filashi a hannu, wasu suka kwana a ofis. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: watanni huɗu bayan haka Intel ta ba da sanarwar sayen McAfee a kan dala biliyan 7.68.

Ba McAfee kaɗai ba ce. A watan Mayu na 2007 wani kundin Symantec ya durƙusar da injuna masu Windows XP ta harshen Sinanci. A 2012 Sophos ta kama sashenta na sabuntawa ta ce cuta ne, Panda ma ta yi wa kanta haka a 2015. Mai saye yakan manta da irin wannan rana cikin mako guda. Wanda ya kwana yana gyara ba ya mantawa, kuma shi ake tambaya sa'ad da za a sayi wata.

Akwai kuma ranar da mai gadin ya ga ɓarawo ya kau da kai. A ƙarshen Oktoba na 2005 Mark Russinovich ya gano cewa wasu faya-fayan waƙa na kamfanin Sony BMG suna dasa wata ɓoyayyiyar manhaja a cikin Windows don hana kwafi, kuma duk wata cuta na iya fakewa a bayanta. Masanin tsaro Bruce Schneier ya tambaya a lokacin, me ya sa manyan kamfanonin riga-kafi ba su kama ta ba tsawon watanni, kuma me ya sa suka yi sanyin jiki bayan an tona? Zargin da ya biyo baya shi ne suna jin nauyin babban kamfani irinsu. A Janairu na 2006 kuma aka tarar Norton SystemWorks ita ma tana ɓoye wani kundin fayiloli da dabara makamanciyar wannan, sai da Symantec ta cire ta.

Abin da ya fi girgiza injiniyoyi ya zo ne daga wani mai bincike na kamfanin Google, Tavis Ormandy, wanda ya ɗauki shekaru yana kwance manhajojin riga-kafi yana duba cikinsu. Hujjarsa ita ce, manhajar da ke buɗe duk wani fayil da baƙo ya aiko, tana kuma da iko mafi girma, ita ce ƙofar da ɓarawo zai fi so. A Disamba na 2015 ya nuna cewa wani ƙari da AVG ke cusawa a burauzar Chrome ya fallasa bayanan mutane kimanin miliyan 9. A Janairu na 2016 ya nuna cewa ma'ajiyar kalmomin sirri ta Trend Micro tana ba kowane shafin intanet damar ba injin umarni. A watan Yuni na wannan shekara ya bayyana ramuka a cikin hajojin Symantec da Norton, inda aika wa mutum wasiƙa kawai ya isa a mallake injinsa ko da bai buɗe ta ba, domin riga-kafin ce za ta buɗe masa, a cikin ƙurya. Ya kuma tarar da sassan da aka aro daga waje waɗanda aka shekara aƙalla 7 ba a sabunta ba. An toshe ramukan duka. A Janairu na 2017 Robert O'Callahan, tsohon injiniyan Mozilla, ya shawarci jama'a a fili da su cire duk wata riga-kafi in ban da ta Microsoft, yana kukan cewa suna kutsawa cikin burauza suna karya matakan tsaron da aka gina mata. Ita ma ta Microsoft ɗin ba ta tsira ba, domin a watan Mayu na 2017 Ormandy da Natalie Silvanovich sun sami irin wannan rami a cikinta.

Kyauta da abin da ke bayanta

Microsoft ta fito da riga-kafi ta kyauta a 2009, kuma daga Windows 8 a 2012 ta gina ta a cikin babbar manhajar da sunan Defender. Da farko ba ta taɓuka abin kirki a gwaji ba, amma zuwa ƙarshen shekarun 2010 ta kamo na kuɗi. A 2014 wani babban jami'in Symantec, Brian Dye, ya shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa riga-kafi irin ta dā ta mutu, yana ƙiyasin kashi 45 cikin 100 kawai na hare-hare take kamawa. Kasuwar masu saye na gida ta fara ƙanƙancewa, kamfanoni suka shiga neman wata hanyar samu.

Avast, wadda ta sayi AVG a 2016, tana da masu amfani da hajarta ta kyauta miliyoyi ɗaruruwa. A Janairu na 2020 mujallun Motherboard da PCMag suka tona cewa wani reshenta mai suna Jumpshot yana sayar da tarihin shafukan da mutane suka ziyarta. Kamfanin ya ce an goge sunaye, ya kuma rufe reshen cikin 'yan kwanaki. A Fabrairu na 2024 hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta ce gogewar ba ta wadatar ba, an sayar wa kamfanoni fiye da 100 bayanan daga 2014 zuwa 2020, ta ci Avast tarar dala miliyan 16.5. Wannan manhaja kuwa da alkawarin hana a bi sawun mutum aka tallata ta. Ajiyar nama ke nan a wurin kura. Norton kuma a 2021 ta sa wa hajarta sashen haƙar kuɗin intanet, wanda ke aiki in mai injin ya yarda, kamfanin yana ɗaukar kashi 15 cikin 100, har aka dakatar da shi a 2022. Haƙar kuɗi da injin mutum na cikin abubuwan da riga-kafi ta saba kamawa a matsayin cuta.

Batun Kaspersky dabam yake, domin injiniyoyi da dama suna girmama ƙwarewar masu bincikenta. Matsalarta ita ce a Mosko take. Gwamnatin Amurka ta hana ma'aikatunta amfani da ita a 2017, ta kuma haramta sayar da ita a ƙasar a 2024, bisa tsoron cewa hukumomin Rasha na iya tilasta mata, zargin da kamfanin ya sha musantawa. Ko da wane ne mai gaskiya, rigimar ta tabbatar da cewa gwamnatoci ma sun san irin ikon da ke hannun mai gadin. A watan Satumba na 2024 masu amfani da ita a Amurka suka wayi gari ta goge kanta ta sa wata mai suna UltraAV a gurbinta. Kamfanin ya ce ya aika da sanarwa tun da wuri, amma da yawa sun ce ba su gani ba.

Rigimar ƙurya

Tun a 2006 Microsoft ta yi yunƙurin rufe ƙuryar Windows Vista ga manhajojin waje. Symantec da McAfee suka tayar da ƙura, suka kai kuka ga hukumomin Tarayyar Turai cewa ana so a kore su daga kasuwa, kuma kukan nasu yana da ƙamshin gaskiya, tun da Microsoft ta fara sayar da tata riga-kafin a wannan shekara. Aka sasanta, aka bar musu hanyar shiga. Apple kuwa daga 2019 ta soma fitar da irin waɗannan manhajoji daga ƙuryar injunanta.

Ranar 19 ga Yuli 2024 kamfanin CrowdStrike, wanda hajarsa Falcon ta zamani ce, ta manyan ma'aikatu, ba ta dogara ga tsohon kundin shaidu ba, ya aika da wani fayil mai kuskure. Da yake a ƙurya take zaune, injuna miliyan 8.5 suka faɗi, bisa ƙiyasin Microsoft. Bankuna da asibitoci da filayen jiragen sama suka tsaya, kamfanin jirage na Delta kaɗai ya soke tashi kimanin 7,000. An janye fayil ɗin cikin ƙasa da awa ɗaya da rabi, amma gyaran, kamar na 2010, sai da aka bi injuna da hannu ana goge fayil guda, inda aka kulle faifai kuma sai an nemo mabuɗin kowane inji. Microsoft ta yi nuni da wata yarjejeniya da ta ƙulla da Hukumar Tarayyar Turai a 2009 a matsayin abin da ya hana ta rufe ƙofar. A ranar 10 ga Satumba 2024 ta tara kamfanonin tsaro a hedkwatarta da ke Redmond, CrowdStrike da Sophos da Trend Micro suna cikin mahalarta, don a tattauna yadda za su riƙa aiki daga wajen ƙuryar.